Yadda mai zane da ɗan kwangila za su riƙa aiki da takarda ɗaya

Shekarun baya na kula da wani gidan sama a bayan gari. Ranar da za a zuba dakin, wato kankaren da ke raba hawan ƙasa da na sama, da sassafe na hau in yi duban ƙarshe, sai na tarar kafinta ya bar ramin matakala a kusurwar gabas, alhali a zanen da ke wayata matakalar tana yamma. Na kira shi. Ya zaro takardarsa daga aljihun baya, ta sha ninki ta sha ƙurar siminti, ya shimfiɗa ta a kan bulo ya danne gefenta da guduma, ya ce, "Injiniya, ga abin da aka ba ni." Kuma gaskiyarsa. Takardar hannunsa ta farko ce. Wata biyu kafin nan mai gida ya sa an sauya wurin matakalar, mai zane ya gyara ya turo mini, ni na ɗauka ya tura wa ɗan kwangila, shi kuma ya ɗauka ni zan kai. Ga tsakuwa da yashi a jibge, ga injin kwaɓa kankare na haya yana jira, ga leburori sun zo da kwanukansu. Muka ba su haƙuri da kuɗin mota, aka kwance katako da rodi, kwana huɗu suka tafi a banza.

A cikinmu babu wanda bai iya aikinsa ba. Abin da ya faru kawai, mutum huɗu ne ke gina gida ɗaya da takarda iri biyu. Amfanin waya da kwamfuta a harkar gini, a nawa ganin, kusan duk a nan ya tsaya: kowa ya riƙe zane ɗaya, kuma duk abin da aka sauya ya bar sawu. Ga yadda ake tsara shi, ko da aikin bai wuce gida mai ɗaki huɗu ba.

Mataki na 1: ku yanke inda zane zai zauna

Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna: mai gida, mai zane, injiniyan da ya yi lissafin rodi da kankare, ɗan kwangila da fomen ɗinsa. Abu na farko da za a yarda a kai shi ne wuri ɗaya a intanet da za a riƙa ajiye zane. Google Drive ya isa, yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma zanen gida ɗaya ba zai ci ko kusa da haka ba. Manyan kamfanoni suna biyan kuɗin manhajoji irin su Procore ko na kamfanin Autodesk, amma dabarar ɗaya ce.

A cikin babbar foldar a buɗe ƙanana huɗu: zanen da ake kan aikinsa, zanen da aka raba don a duba, zanen da aka amince a gina, da tsofaffin zane. Ba ni na ƙirƙiro wannan rabon ba. Haka ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda ta fito a 2018, ta tsara tafiyar takardun gini. Ɗan kwangila da ma'aikatansa folda ta uku kaɗai suke aiki da ita, kuma izinin karantawa za a ba su, ba na gyarawa ba. Mutum ɗaya tak, yawanci mai zane, shi ke da ikon sa abu a cikinta ko cirewa. A ranar da sabon zane ya shiga, a ranar tsohon zai koma folda ta huɗu. Ba a goge shi, domin wata rana gardama za ta taso a nemi a ga yadda yake da.

A nan kuma za a ajiye hoton fulan ɗin da hukuma ta buga wa hatimi, kamar KNUPDA idan a Kano ne, da shaidar rajistar masu aikin: ARCON ga mai zane, COREN ga injiniya, CORBON ga ƙwararren magini.

Mataki na 2: kowane zane da sunansa da lambarsa

Wanda ya taɓa buɗe wayar ɗan kwangila ya san irin sunayen da ke ciki: "fulan", "fulan sabo", "fulan na ƙarshe", "na ƙarshe sosai". Wannan shi ne tushen rikici. A sa wa kowane fayil suna mai tsari: sunan aiki, nau'in zane, hawa, da harafin gyara. Misali, GIDAN-ALHAJI_RODI_HAWA-1_C. Harafin C yana nufin an gyara shi sau biyu bayan na farko. A kan takardar kanta mai zane ya zagaye wurin da ya sauya, ya rubuta kwanan wata da dalili a akwatin da ke gefe, don kada fomen ya zauna yana laluben bambanci tsakanin B da C.

Sai a buɗe jadawali ɗaya a Google Sheets mai layi kaɗan: lambar zane, harafin da ake aiki da shi yanzu, ranar da ya fito, wa ya karɓa. Duk wanda yake shakka, wannan jadawalin zai duba.

Abin da ake tura wa wurin gini PDF ne. Fayil ɗin manhajar zane ta AutoCAD, wato DWG, ya tsaya tsakanin masu zane, domin ana iya taɓa layi a cikinsa ba da gangan ba. Idan dole a yi musayarsa, a tambayi wane zubin manhajar ɗayan ke da shi, a ajiye fayil ɗin a tsohon zubi, saboda tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon fayil. Wanda kallo kawai yake so, akwai Autodesk Viewer da DWG TrueView, duka kyauta ne.

Birkila da kafinta ba za su riƙe waya a hannu suna aiki ba, don haka takarda ba ta mutu ba. A buga zanen a takarda mai girman A3, a sa mata leda, a manna a ɗakin ajiyar kaya. Dokar ita ce: ba a miƙa sabuwa sai an karɓi tsohuwa an ja mata jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Da mun yi haka a waccan ranar, da kafintana bai bar rami a gabas ba.

Akwai kuma maganar awo, wadda ake rainawa. Mai zane yana rubutu da milimita, magina kuwa da ƙafa da inci suka tashi. Ɗakin da aka rubuta 3600, birkila zai ce maka "ai ƙafa goma sha biyu ke nan." Ba haka ba ne; ƙafa 12 milimita 3658 ce. Bambancin milimita 58 ba ya tsone ido a ɗaki ɗaya, amma idan ɗakuna biyar ne a jere, ya kusa kai ƙafa guda, kuma daga nan ne fila ke fara kauce wa inda injiniya ya sa ta. Ku zaɓi ma'auni ɗaya, a sayi tef mai milimita, kuma kada kowa ya ɗora rula a fuskar waya ko a takardar da aka ƙanƙantar yana awo. Lambar da aka rubuta ita ake bi. Inda babu lamba, a tambaya.

Mataki na 3: a ɗora zane a kan zane kafin a haƙa fandisho

Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane. Gida ɗaya yana da zane aƙalla iri huɗu: na tsarin ɗakuna, na rodi da kankare, na wutar lantarki, da na famfo. Sau da yawa mutum huɗu ne suka yi su, kowa a ofishinsa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba sai a jikin gini. A nan ake ganin fila ta faɗo a tsakiyar taga, ko bim, wato kankaren da ke kwance a kan filoli, ya sauko ƙasa da saman ƙofa, ko matakala ta kai inda dogon mutum sai ya sunkuya. Wanda ya fi yawa shi ne bututun banɗakin sama ya yi karo da bim, sai ka ga filamba ya ɗauko kurfi da guduma yana fasa kankare har ya bayyana rodi. Duk ƙarfin da injiniya ya lissafa ya tafi a nan.

Maganin wannan a manyan ayyuka shi ne abin da ake kira BIM (kada a rikita shi da bim ɗin kankare). A maimakon layuka a takarda, ana gina gidan gaba ɗaya a cikin kwamfuta da manhaja irin su Revit ko ArchiCAD, bango da filoli da bututu da wayoyi, kowane abu da girmansa. Kowane mai zane yana yin nasa ɓangaren, a haɗa su, sannan manhaja kamar Navisworks ta lissafo duk inda abu biyu suka shiga juna. Idan manhajojinsu ba iri ɗaya ba ne, sai kowa ya fitar da nasa a tsarin IFC, wanda dukkansu ke iya buɗewa. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta wannan hanya a ayyukanta tun 2016. A wajenmu bai zama gama-gari ba tukuna: lasisin yana da tsada, yana son kwamfuta mai ƙarfi, ga matsalar wuta.

Amma rashin Revit ba uzuri ba ne. A AutoCAD ana iya ɗora zanen rodi a kan na ɗakuna, kowanne da kalarsa, a bi su ɗaki-ɗaki. Na ma ga wani tsohon injiniya yana haɗa takarda biyu ya ɗaga su jikin gilashin taga, haske ya ratsa, ya ga inda suka saɓa. Muhimmin abu shi ne a yi wannan zaman ɗan kwangila yana wurin. Shi ne zai ce muku motar tifa ba za ta iya shiga ta wannan lungun ba, ko girman tagar da aka zana sai an yi odarta musamman, ko rodin da aka rubuta ya yi wuyar samu a kasuwa. Mai zane da ke jin ya fi ƙarfin sauraron magini, kuɗin mai gida yake ƙonawa.

A wannan zaman a tambayi mai gida abin da yake ɓoye a ransa. Zai ɗora tankin ruwa a sama? Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 2000 tan biyu ke nan a wuri ɗaya. Yana da niyyar ƙara hawa nan gaba? Zai sa farantan sola a rufi? Injiniya ya ji yanzu, ba bayan an zuba dakin ba.

Sannan a nuna wa mai gida surar gidan a waya, wadda za a iya juyawa a shiga ɗaki-ɗaki. SketchUp yana yin wannan, masu ArchiCAD kuma suna da BIMx. Mutane da yawa suna gyaɗa kai a kan fulan ba don sun gane ba. Na taɓa miƙa wa wata Hajiya waya, ta ja yatsa ta shiga kicin ɗinta, ta tsaya ta ce, "Injiniya, wannan ƙofar ai falon baƙi take kallo, duk wanda ya zauna zai ga tukunyata." Minti goma ya ɗauki mai zane ya matsar da ƙofar. Da sai bango ya kai linta ta gani, da rushe shi za a yi.

Mataki na 4: zauren WhatsApp mai doka

Kowane wurin gini yana da zauren WhatsApp yanzu, kuma mafi yawansu shara ne. Barka da Juma'a, wa'azi, tallan fili, sai ga muhimmin umarni ya nutse a tsakiya. A buɗe zaure na aiki zalla, mutum biyar ko shida, a rubuta dokokinsa a bayanin zauren. A kashe tsarin nan da ke goge saƙonni da kansa bayan kwanaki. Ƙarshen kowane wata wani ya fitar da hirar gaba ɗaya ya ajiye a Drive, domin waya tana faɗuwa cikin kankare, ana kuma sace ta.

Ba a tura zane a zaure. Abin da ake turawa shi ne sanarwa: "Zanen rodin hawa na 1 ya koma C, yana folda, a daina aiki da B." Idan aka saba tura fayil ɗin kansa, bayan wata uku wani zai ja hira sama ya buɗe tsohon.

Tambaya daga wurin gini tana da tsari. A ba ta lamba, a faɗi zanen da wurin, a haɗa hoto, a faɗi ranar da ake buƙatar amsa. Kamar haka: "Tambaya ta 7. Zanen rodi C, bim ɗin da ke saman ƙofar falo. An rubuta rodi huɗu a jadawali, a yankan gefe kuma uku aka zana. Wanne za mu bi? Muna ɗaure rodi ranar Laraba." Irin wannan injiniya zai amsa ta a minti biyu ko yana kan hanya. Wadda ba ta amsuwa ita ce hoto mai duhu da "Oga duba wannan." Ku yarda tun farko cewa amsa ba ta wuce kwana biyu, idan ta wuce har aiki ya tsaya, jinkirin ba na ɗan kwangila ba ne.

Hoton da ake son a ga ƙananan abubuwa a cikinsa, a tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye. A sa tef a jikin abin da ake ɗauka, a ɗauki ɗaya daga nesa don a gane wurin, ɗaya daga kusa.

Saƙon murya yana da amfani ƙwarai, tunda ba kowane fomen ne ke son dogon rubutu ba, kuma bayani da Hausa ya fi shiga. Amma magana zarar bunu ce. Duk umarnin da aka bayar da murya ko a kiran waya, wanda ya karɓa ya rubuta shi a layi biyu, wanda ya bayar ya amsa da "haka ne."

Doka mafi wuyar kiyayewa ta shafi mai gida. Zai zo da yamma da abokinsa, su zaga, ya ce wa birkila, "Malam, ƙara mini faɗin wannan tagar." Birkila ba zai iya ce wa Alhaji a'a ba. A koya wa ma'aikata amsa ɗaya: "To ranka ya daɗe, bari a sa a zaure Injiniya ya gani." Ba raini ba ne, domin wataƙila a gefen tagar nan fila take.

Mataki na 5: kowane sauyi da kuɗinsa da kwanakinsa

A jadawalin nan na Google Sheets a ƙara shafi na sauye-sauye: me aka sauya, wa ya nema, nawa zai ƙara ko ya rage, kwana nawa zai ci, wa ya amince, yaushe. Ba a fara aikin sauyi sai mai gida ya rubuta amincewarsa. Yawancin faɗan da ake yi a ƙarshen gini, ɗan kwangila yana cewa yana bin ciko, mai gida yana cewa "ni ban ce ba", wannan shafin ne babu. Idan ma abin ya kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba da damar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura, in an cika sharuɗɗansa.

A wannan shafin a riƙa rubuta farashin buhun siminti da na rodi na ranar da aka saya, tare da hoton rasit. Yadda farashi ke tashi tsakanin fandisho da rufi, wannan kariya ce ga kowa.

Mataki na 6: wuraren da ba a wucewa sai an duba

Akwai ayyukan da idan aka rufe su, shi ke nan: ramin fandisho kafin a zuba kankare, rodin filoli, rodin bim da na dakin. Ku rubuta su tun farko a matsayin wuraren tsayawa. Kwana biyu kafin zubi ɗan kwangila ya sanar a zaure, ya tura hotuna masu ɗauke da kwanan wata: kaurin rodi, tazarar da ke tsakaninsu da tef a kai, tsawon inda rodi ya hau kan rodi, da ƴan guntayen kankaren da ke ɗaga rodi daga jikin katako.

A nan zan ja kunne. Hoto da kiran bidiyo suna taimakawa wajen ƙananan abubuwa, amma ba sa maye gurbin ƙafar injiniya. Mai ɗaukar hoto inda ya ga dama yake nunawa. Rodin dakin sai an hau an taka an ƙirga. Bayan ya duba, injiniya ya rubuta a zaure cewa ya amince a zuba, ko ya lissafo gyaran da za a yi. A babban aiki a ɗebi samfurin kankare a ƴan akwatunan gwaji masu faɗin milimita 150, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28, sakamakon ya shiga folda.

Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin. Bayan ruftawar ne wata wasiƙa ta bayyana, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun farkon 2020 yana janye hannunsa. Idan injiniyanku ya rubuta "kada a zuba", ya kamata kowa a zauren ya gani a lokacin, har da mai gida.

Mataki na 7: wuta, data da zaman mako

Filayen da ake sabon gini sau da yawa ba su da sabis mai kyau. Fomen ya sauke zanen a wayarsa tun daga gida, ta yadda zai buɗu ba intanet, ya kuma duba jadawali kowace safiya. Kuɗin data da na batirin cajin waya a sa su cikin lissafin aiki. Ba su kai kuɗin buhun siminti kaɗan ba. Sau ɗaya a mako a yi zaman minti ashirin, ko ta kiran bidiyo idan mai gida yana Abuja ko Saudiyya: me aka gama, me ke tafe, wace tambaya ce ba a amsa ba. Mutum ɗaya ya rubuta abin da aka yanke ya sa a zaure kafin dare.

Mataki na 8: kafin filasta ta rufe komai

Ana gama jan waya da shimfiɗa bututu, kafin mai filasta ya shigo, a bi kowane bango a ɗauke shi hoto, da tef a miƙe daga kusurwa, a rubuta sunan ɗakin da alli a jikin bulo don ya fito a hoton. Haka za a yi wa layin bututun da ya tafi soka-awe kafin a mayar da ƙasa. Mai zane kuma ya tattara duk sauyin da aka yi ya fitar da zane na ƙarshe, wanda ke nuna gidan yadda aka gina shi, ba yadda aka so a gina ba. Ranar miƙa makulli a ba mai gida wannan zanen a buge, a mayar da mallakar foldar zuwa adireshinsa na imel, a kuma kwafa masa komai a filashi.

A wancan gidan mai matakala, bayan abin da ya same mu, na ɗauki hoton kowane bango. Shekara uku da tarewa mai gidan ya kira ni, wai danshi ya fito a bangon ɗakin yara, filamba ya zo da guduma yana shirin fasa bangon daga sama har ƙasa. Na ce ya dakata. Na buɗe foldar, na tura masa hoton bangon: mahaɗar bututun tana milimita 400 daga kusurwa, daidai gwiwa. Tayil biyu aka cire.